Saint-Gingolph: garin da rafi ya raba tsakanin Faransa da Suwizalan

A gaɓar kudu ta Tafkin Léman, wanda mutanen waje suka fi sani da Tafkin Jeniba, akwai wani gari mai suna Saint-Gingolph da ke maƙale tsakanin ruwa da tsauni. Mutanensa duka-duka wajen dubu biyu ne, kuma Faransanci suke yi gaba ɗayansu. Wanda ya hango shi daga cikin jirgin ruwa gari ɗaya zai gani, amma a takarda biyu ne. Wani rafi da ake kira Morge yana gangarowa daga duwatsu ya ratsa tsakiyar garin kafin ya zuba a tafki. Yamma da rafin ƙasar Faransa ce, lardin Haute-Savoie. Gabas da shi jihar Valais ce ta Suwizalan. Kowane ɓangare da hukumarsa, da makarantarsa, da kuɗinsa, da lambar gidan wayarsa: 74500 a wannan hannu, 1898 a wancan. Sai dai cocin garin ɗaya ne, maƙabarta ɗaya ce, ƙungiyar 'yan badujalarsu ma ɗaya ce, kuma sunan da suka raɗa mata shi ne 'Ya'yan Jamhuriya Biyu.

Masu yawon buɗe ido sukan ɗauki wannan a matsayin abin ban sha'awa kawai, su tsaya a kan gada su ɗauki hoto, ƙafa ɗaya a Faransa ɗaya a Suwizalan. Lamarin ya fi haka nauyi. Iyakar nan tana wurin tun 1569, ba ta gusa ba. Abin da yake sauyawa shi ne nauyinta. Akwai zamanin da mai wucewa ba ya ma lura da ita, akwai kuma ranar da ita ce ta raba wanda ya rayu da wanda aka kashe. Tarihin garin kusan duka a kan wannan hawa da saukar yake.

Ƙasar da garin ke zaune a kai

Fuskar tafkin tana kan mita 372 daga matakin teku. Bayan garin kuma tsaunin Grammont ne, mai tsawon mita 2,172. Wato cikin 'yan kilomitoci ƙasa ta tashi da mita 1,800. Babu fili shimfiɗaɗɗe in ban da tulin tsakuwa da yashi da rafin Morge ya daɗe yana zubarwa a bakin tafki, kuma a kan wannan tulin aka gina tsohon garin. Rafin da ya raba garin shi ne ya samar masa wurin zama tun farko.

Garin arewa yake fuskanta, tsauni yana bayansa ta kudu. A Turai wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin da hunturu rana ƙasa-ƙasa take bi ta kudu, sai dutsen ya tare ta. Daga bakin ruwa mutum yana hangen Vevey da Montreux da gonakin inabin Lavaux a ɗaya gaɓar suna shan rana, shi kuwa yana cikin inuwa. Can ne manyan otal-otal da inabi da kuɗi suka taru. A nan abin da ƙasa ta bayar shi ne katako, da dutse, da ciyawar shanu a saman tsauni, da wani itace da Faransawa ke kira châtaignier, mai 'ya'ya masu ɓawo da ake gasawa a wuta ko a niƙa a yi gari. Kafin dankalin Turawa ya bazu, waɗannan 'ya'yan itace su ne abincin hunturun talakan tsauni. Har yau akwai tsofaffin itatuwan a gangaren da ke saman garin, kuma ana yi musu biki a watan Oktoba.

Irin wannan ƙasa tana da haɗarinta. Rafin Morge gajere ne, kuma a tsaye yake gangarowa. Idan ruwan sama mai yawa ya haɗu da narkewar dusar ƙanƙara, ba ruwa kaɗai yake kawowa ba, har da duwatsu da kututture da laka. Waɗannan sukan cushe a ƙarƙashin gada, ruwa ya rasa hanya, ya hau titi. Haka aka yi a farkon watan Mayun 2015, lokacin da laka da duwatsu suka cika gidajen abincin da ke kusa da bakin rafin. Gyaran irin wannan rafi dole sai da hannu biyu, don idan ɓangare ɗaya ya ɗaga katangarsa ya bar ɗayan, ruwan maƙwabcinsa kawai ya tura wa.

Akwai ma abin da ya fi wannan girma a tarihin yankin. A shekarar 563 wani ɓangaren dutse ya zaftare kusa da inda kogin Rhône ke shiga tafkin, abin da ake kira waƙi'ar Tauredunum. Limaman Kirista biyu na wancan zamani, Grégoire na Tours da Marius na Avenches, sun rubuta cewa igiyar ruwa ta share ƙauyukan bakin tafki ta kai har Jeniba. Masu bincike na Jami'ar Jeniba sun gano wani makeken tulin laka a ƙasan tafkin da ya yi daidai da wannan lokaci, kuma a sakamakon da suka fitar a 2012 sun ƙiyasta igiyar ta kai mita 13 a Lausanne, mita 8 a Jeniba. Masana da dama suna ganin daga jikin Grammont dutsen ya ɓalle.

Yadda iyakar ta zo nan

Sunan garin na wani waliyyin Kirista ne, Gingolph ko Gangolf, jarumin yankin Bourgogne da ya rayu a ƙarni na 8. An fara ganin sunan a takarda a 1153. A tsakiyar zamani ikon garin yana hannun gidan 'yan zuhudu na Abondance, da ke wani kwari a bayan tsaunukan, su kuma suna ƙarƙashin sarakunan Savoie. Rafin Morge a lokacin rafi ne kawai, mata na wanki, masu injin niƙa na amfani da ƙarfinsa.

Abin ya sauya a 1536. Birnin Bern, wanda ya riga ya bar Katolika ya koma Furotesta, ya kai wa ƙasar Savoie yaƙi da sunan taimakon Jeniba, ya ƙwace yankin Vaud da yammacin Chablais, wato yankin da ke kudancin tafkin. Mutanen Valais, waɗanda Katolika ne, suka ga in sun tsaya kallo Bern za ta zo har ƙofarsu, sai su ma suka shigo ta gabas suka mamaye ƙasar har zuwa kogin Dranse, wato har da Évian. Saint-Gingolph gaba ɗayansa ya koma hannun Valais.

Da sarkin Savoie Emmanuel-Philibert ya dawo kan gadonsa a 1559, sai ya shiga neman ƙasarsa ta hanyar sulhu. Bern ta mayar da nata kason na kudancin tafki bisa yarjejeniyar Lausanne ta 1564. Valais ta biyo baya da yarjejeniyar Thonon ta watan Maris 1569: ta mayar da Évian da kwarin Abondance, ta riƙe yankin Monthey. Ana bukatar layin da kowa zai gane ba sai an kafa dutse ba, sai aka zaɓi rafin Morge. Ga masu zaman sulhu a Thonon zaɓi ne mai kyau. Cewa akwai gidaje a hagu da damansa bai dame su ba.

Abin lura shi ne yarjejeniyar mulki ta raba, ba addini ba. Majami'ar garin ta ci gaba da zama ƙarƙashin bishop ɗin Jeniba, wanda ya riga ya ƙaura zuwa Annecy bayan Jeniba ta zama ta Furotesta. Shi ya sa har gobe ɓangaren Suwizalan na garin yana bin bishop ɗin Annecy a Faransa, alhali maƙwabtansa na Valais suna bin na Sion ko gidan 'yan zuhudu na Saint-Maurice. Cocin da ke tsaye yanzu an gina shi tsakanin 1770 da 1784, a ɓangaren yamma. Ɓangaren gabas kuwa shi ya samu gidan sarauta, wanda aka gina a 1588 kuma daga baya ya koma hannun zuriyar Riedmatten ta Valais, da wani ƙaramin ɗakin ibada na 1677 a gefensa. Dazuzzuka da makiyayun tsauni, waɗanda tsofaffin gidajen garin suka mallaka a dunƙule, su ma ba a yanka su biyu ba.

A wancan lokaci babu Faransa a wannan iyaka, Valais kuma ba ta zama jihar Suwizalan ba tukuna. Faransa ta haɗiye Savoie a 1792 bayan juyin juya hali, Napoleon ya haɗiye Valais a 1810, don haka na 'yan shekaru har 1813 ɓangarorin biyu suna ƙarƙashin tuta ɗaya. A zamaninsa ne aka sassaƙe duwatsun Meillerie aka yi hanyar mota, ko a ce ta keken doki, da ta bi bakin tafki ta ratsa garin zuwa mashigar Simplon da Italiya. A 1815 Valais ta shiga tarayyar Suwizalan, Savoie ta koma hannun masarautar Sardaigne. Sai a 1860 ne yammacin rafin ya zama Faransa.

Daga nan ne maganar kwastan ta fara ciwo. Garin da kasuwarsa da danginsa ke tsallaken rafi ba zai iya biyan haraji a kan kowane buhun gari ba. A 1829 hukumar Sardaigne ta ja layin kwastanta baya, ta bar wa Saint-Gingolph wani ɗan yanki da kaya ke shiga ba haraji. A 1860, da yake mutanen arewacin Savoie da yawa sun fi son shiga Suwizalan, Faransa ta lallashe su da alkawarin babban yanki irin wannan, har takardar ƙuri'ar raba-gardamarsu ta ƙunshi amincewa da Faransa tare da yankin. A 1923 Faransa ta soke tsarin ta mayar da kwastan kan iyaka. Suwizalan ta kai ƙara kotun duniya da ke Hague, ta yi nasara a 1932 game da ƙananan tsofaffin yankunan, ciki har da na Saint-Gingolph. Tsakanin wannan ja-in-ja fasa-ƙwauri ya zama sana'a: taba, kofi, sukari, gishiri, duk abin da farashinsa ya bambanta tsakanin gaɓa biyu. Wanda ya san zaman Illela da Birnin Ƙonni ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Abin da garin ya rayu da shi

Kafin layin dogo da manyan motoci, tafkin shi ne babbar hanya. Jeniba da Lausanne suna ta gine-gine a ƙarni na 19, suna bukatar dutse, kuma dutsen yana Meillerie, 'yan kilomitoci yamma da Saint-Gingolph. Jiragen da suka yi wannan dako su ake kira barques du Léman. Jirage ne na katako masu faɗin ciki, marasa zurfi a ruwa don su iya matsowa gaɓa, da dogayen sanduna biyu, kowace ɗauke da babban ƙyalle mai kusurwa uku da iska ke turawa. A kan bene ake jibga kaya, ba a ciki ba, saboda lodi da saukewa su yi sauƙi: ana shimfiɗa katako daga jirgi zuwa gaɓa, ma'aikata su riƙa turo dutse a baro. A gefen jirgin akwai siririyar hanya ta katako da matuƙa ke bi suna dogara doguwar gora idan iska ta ɗauke. In gaɓa ta ba da dama, sai su sauka su ja jirgin da igiya.

Haɗarin sana'ar a wannan loda kaya a sama yake. Jirgi ya yi nauyi har ruwa ya kusa taɓa bene, sai iskar da ake kira bornan ta faɗo daga tsaunukan kudu ba sallama, galibi da hadarin bazara. Idan ba a sauke ƙyallayen da wuri ba jirgi ya karkata, dutse ya zame gefe ɗaya, shi ke nan. Matuƙin ƙwarai a wannan gaɓa shi ne wanda ya iya karanta girgije a kan tsauni.

Saint-Gingolph ya ba da matuƙa, ya ba da katako, ya kuma ba da masassaƙa jirgi. Jirage biyu na asali da suka rage a tafkin, Neptune na 1904 da ke Jeniba da La Vaudoise na 1932 da ke Lausanne, duka a wannan gaɓa ta yamma da garin aka sassaƙa su. Siminti da kankare ne suka kashe sana'ar, tare da jirgin ƙasa da mota. Tarihinta yana gidan adana kayan tarihi da ke cikin tsohon gidan sarautar, inda aka jera ƙananan samfuran jiragen zamani bayan zamani.

Akwai wata ƙaramar sana'a da ta tsira, ita ce lu'ulu'un tafki. Ba daga cikin kawa ake ciro shi ba. Wani ƙaramin kifi mai walƙiya da ake kira ablette ake kankare wa ɓamɓaroki, a wanke, a tace, a bar ruwan ya kwanta har sai ƙwayoyin da ke ba kifin ƙyallinsa sun taru a ƙasa. Wannan farin ruwa mai sheƙi ake haɗawa da abin da zai riƙe shi, a tsoma ƙwayar gilashi a ciki, a bari ta bushe, a sake tsomawa, shafi bisa shafi. Ƙura ita ce abokiyar gaba, domin ƙwaya ɗaya ta sauka a kan ɗanyen shafi ta ɓata dutsen, haka ma gaggawa wajen busarwa takan sa shafin ya tsage. Dabarar ta samo asali ne a Paris a ƙarni na 17, ta zo garin wajen 1920.

Kamun kifi ma yana nan, musamman perche da féra da gidajen abincin bakin ruwa ke sayarwa, ƙarƙashin yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1980. Tafkin ya taɓa shiga mummunan hali. Sinadarin fosfaras daga sabulun wanki da ruwan ƙazanta ya kai kusan maikirogiram 90 a kowace lita a ƙarshen shekarun 1970, gansakuka ta yi yawa, iskar shaƙa ta yi ƙaranci a ƙasan ruwa. Matatun ruwan ƙazanta da haramcin da Suwizalan ta sa wa fosfat a sabulun wanki a 1986 suka sauko da shi ƙasa da 20. Yanzu damuwar masunta wata ƙaramar kawa ce baƙuwa mai suna quagga, da ta bayyana wajen 2015, tana manne wa raga da bututun ruwa.

Ranakun 22 da 23 ga Yuli 1944

A Yaƙin Duniya na Biyu Suwizalan ba ta shiga faɗa ba. Yammacin rafin kuwa ya kasance ƙarƙashin gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Jamus, daga Nuwamba 1942 sojan Italiya suka mamaye shi, daga Satumba 1943 kuma Jamusawa. Aka ja waya mai ƙaya a tsakiyar garin. Duk da haka rafin ya zama mashiga ga Yahudawa masu gudun kisa, da 'yan gwagwarmaya, da wasiƙu, da taimakon mutanen gari da suka san kowane lungu.

Ranar Asabar 22 ga Yuli 1944 wata rundunar 'yan sari-ka-noƙe ta FTP, ƙungiyar 'yan gwagwarmayar Faransa masu yaƙar mamayar Jamus, ta sauko daga tsauni don ta afka wa sansanin Jamusawan da ke gadin iyaka. Shirin na ba-zata ne, amma suka yi kiciɓis da 'yan sintiri kafin su isa, harbi ya tashi da wuri, aka yi asarar rayuka a ɓangarorin biyu, maharan suka janye. Kowa a garin ya san abin da zai biyo baya, domin makonni shida kacal da suka wuce sojan Jamus suka hallaka mutanen ƙauyen Oradour-sur-Glane a Faransa.

Shugaban ɓangaren Suwizalan, André Chaperon, ya tsallaka ya je wurin Jamusawa yana neman sassauci. Aka buɗe shingen iyaka, mutum fiye da 300 na ɓangaren Faransa suka tsallako. Washegari dakarun Jamus suka iso da bindigogin feshin wuta suka cinna wa unguwar sama wuta, gidaje da rumbuna wajen 80 suka ƙone. Sun harbe mutum 6 daga cikin waɗanda suka kama, har da limamin cocin, Fada Louis Rossillon. Da wuta ta doshi coci da unguwar ƙasa, kwamandan sojan Suwizalan na yankin, Kanar Julius Schwarz, ya sa baki, da hujjar cewa cocin na mutanen ɓangarensa ne su ma. Aka bar 'yan kwana-kwanan Suwizalan suka tsallaka da bututunsu. Coci ya tsira, haka ma ƙasan garin.

A nan ne tsohon tsarin 1569 ya yi rana. Da a ce yarjejeniyar Thonon ta raba majami'ar kamar yadda ta raba mulki, da hafsan Suwizalan ba shi da abin da zai kafa hujja da shi a ƙasar da ba tasa ba. Bai kamata a ƙawata labarin fiye da kima ba, don Suwizalan ɗin nan ta mayar da dubban 'yan gudun hijira daga iyakokinta a shekarun yaƙin, ciki har da Yahudawa. Abin da ya faru a Saint-Gingolph aikin mutanen da suka ga 'yan uwansu a tsallaken rafi ne. Wata guda bai cika ba aka 'yantar da Haute-Savoie. 

Zaman yau

Tun Disamba 2008 Suwizalan ta shiga tsarin Schengen, don haka ba a tsayar da mutum a duba fasfo a kullum. Amma ba ta cikin Tarayyar Turai, don haka kwastan na nan a kan gada, kuma kaya suke dubawa. Mai shiga Suwizalan yana da damar nama kilo 1 a rana ba haraji, man shanu ko kirim kilo 1, man girki lita 5. Jimlar sayayyar da ba a biya wa harajin kaya ita ce faran 150 ga mutum ɗaya a rana tun Janairun 2025, a da 300 ce. Inda mutane suka fi faɗawa tarko shi ne nama, domin ya fi araha a Faransa nesa ba kusa ba, kuma abin da ya haura kilo ɗaya ana cajinsa da tsada. Wani kuskuren shi ne zaton cewa mutum huɗu a mota za su iya raba kuɗin abu guda mai tsada a tsakaninsu. Ba a raba abu ɗaya, duka kuɗinsa ake yi wa haraji.

Babban abin da ke juya rayuwar garin yanzu shi ne bambancin albashi. Aiki a Suwizalan ya fi biya, zama a Faransa ya fi sauƙi, sai dubban mutanen Chablais suka zama masu kwana a nan su yi aiki a can, a masana'antun Monthey ko asibitoci da otal-otal na wajen Montreux. Irin wannan ma'aikaci yana riƙe da takardar izini mai harafin G. Yana da wata uku daga fara aiki ya zaɓi inshorar lafiya, ta Suwizalan ko ta Faransa, kuma zaɓin ba a cika samun damar sauya shi ba. Game da haraji, wanda ke aiki a Valais ko Vaud yana komawa gida kullum a Faransa yake biya, bisa yarjejeniyar 1983, ita kuma Faransa ta mayar wa Suwizalan kashi 4.5 cikin 100 na jimlar albashin. Mai aiki a Jeniba kuwa a can ake cire masa. Canjin kuɗi ma yana taɓa kowa: ranar 15 ga Janairu 2015 babban bankin Suwizalan ya daina riƙe farashin yuro a kan faran 1.20, faran ya yi tsalle a yini ɗaya. Mai albashin faran da ke zaune a yamma ya wayi gari da ƙarin kuɗi, mai gidan abinci a gabas ya wayi gari abincinsa ya yi wa baƙi tsada.

Tsarin mulkin ma ba iri ɗaya ba ne. A yamma ana zaɓen majalisar gari duk shekara shida, ita ta fitar da magajin gari, kuma manyan shawarwari da yawa daga sama suke zuwa, daga Annecy ko Paris. A gabas wa'adin shekara huɗu ne, kuma kasafin kuɗi sai taron masu zaɓe na gari ya gani. Aikin haɗin gwiwa ko na gyaran bakin ruwa ne sai ya bi dokoki biyu da kasafi biyu, shi ya sa komai yake ɗaukar lokaci.

Wanda ya ɗauka iyakar ta mutu, watan Maris na 2020 ya nuna masa akasin haka. Da annobar korona ta zo aka rufe iyaka, aka toshe ƙananan gadojin da mutane suka saba bi a ƙafa, sai mai takardar aiki ko babban uzuri ke wucewa. Iyali suka koma gaisawa daga gaɓa zuwa gaɓa, mutanen gabas kuma maƙabartarsu tana wata ƙasa. Sai tsakiyar watan Yuni aka buɗe.

Masu tafiyar ƙafa sun san garin saboda daga nan ake kama hanyar GR5 da ke ratsa tsaunukan Alpes zuwa Nice, tafiyar kusan kilomita 600, kuma zangon farko hawa ne tiryan-tiryan ta bakin Morge zuwa ƙauyen Novel. Masu keke kuma nan ne mafarin ViaRhôna, mai kilomita 815 zuwa Bahar Rum.

Abin da ya fi ci wa mazauna tuwo a ƙwarya shi ne hanya. Titi ɗaya ne tak ya bi bakin tafki, tsakanin dutse da ruwa, kuma shi ne dubban motocin ma'aikata ke bi safe da yamma ta tsakiyar gari. Idan dutse ya faɗo a wajen Meillerie aka rufe shi, zagayen da ya rage mai nisa ne ta cikin tsaunuka. Alhali kuwa akwai layin dogo. An buɗe shi a 1886, ya haɗa Évian da Le Bouveret ta Saint-Gingolph, ana yi masa laƙabi da layin Tonkin. A ɓangaren Faransa an daina ɗaukar fasinja a 1938. A farkon Yaƙin Duniya na Biyu ya yi amfani ƙwarai wajen shigar da kaya Suwizalan daga yankin Faransa da ba a mamaye ba. Jigilar kaya ta tsaya a 1988, jirgin 'yan yawon buɗe ido da ya rage shi ma ya tsaya a 1998. A ɓangaren Suwizalan jirgi yana zuwa kullum daga Saint-Maurice da Monthey, ya tsaya a tashar da ke 'yan taku daga rafin, ya juya. Tsakanin nan da Évian kilomita 17 ne da ɗoriya na dogo da ciyawa ta rufe, kuma shi kaɗai ne giɓin da ya hana jirgin ƙasa kewaye tafkin. An yi nazari kan farfaɗo da shi da sunan RER Sud-Léman, hukumomin Valais da na yankin Auvergne-Rhône-Alpes sun daɗe suna tattaunawa. Aikin ya haɗa da sa wa layin lantarki, da gyaran gadoji da ramin da ya ratsa dutsen Meillerie, da kare shi daga zaftarewar duwatsu. Cikas ɗin na kuɗi ne: dogon gaba ɗayansa a ƙasar Faransa yake, amma masu ɗaukar ma'aikatan da za su hau shi a Suwizalan suke, kuma kowane ɓangare yana da dalilin cewa ɗayan ne ya kamata ya fi zuba kuɗi.